KATAKO KO ROBA: A BISA WANNE ZA MU YANKA NAMA DA GANYE?

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani ƙaramin kayan aiki na madafa, wato abin da ake ɗora nama ko albasa a kai a yanka. A kasuwannin Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, yanzu ana sayar da faranti na roba don wannan aiki. Akwai fari, akwai kore, akwai ja. Kusa da su kuma ga na katako, wanda masassaƙa da kafintoci suke yi. Uwargida takan tsaya ta yi tunani: wanne zan saya? Wanne ya fi tsabta? Wanne zai daɗe? Tambayar tana da nauyi, domin lafiyar iyali tana cikinta.

Yadda muka saba yi

A gidajenmu da yawa babu wani katako na musamman don yanka. Kuɓewa da albasa a hannu ake yanka su, bisa tasa. Idan nama ne, mutum biyu su kama, ɗaya ya ja, ɗaya ya yanka. Wata uwargida takan kife turmi ta sara ƙashi a gindinsa. Wata ta yi amfani da bayan tire, ko murfin tukunya, ko tsohon buhu da aka shimfiɗa a ƙasa. Mahauta kuwa suna da gungumensu, wanda yakan yi shekaru a rumfa.

Yanka a hannu yana da haɗarinsa. Wuƙa takan zame ta yanki yatsa, jinin nama ya shiga ciwon. Turmi kuma a ƙasa yake zama, kaji da awaki suna ratsawa kusa da shi. Saboda haka samun wuri mai tsabta na yanka ci gaba ne. Sai dai kowane iri aka saya, in ba a san yadda ake kula da shi ba, zai iya zama hanyar cuta.

Ina cutar take ɓuya?

Ɗanyen nama, ko da na dabba mai lafiya ne, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta a jikinsa. Ido ba ya ganinsu. Yawancinsu daga hanji suke fitowa lokacin fiɗa. Naman kaza da na zabo sun fi yawan wannan matsala. Likitoci suna kiran wasu daga cikin ƙwayoyin nan da suna salmonela da kamfilobakta. Su ne suke kawo zawo, amai, murɗar ciki da zazzaɓi.

Wuta tana kashe su. Naman da ya dahu sosai, har zafin ya kai digiri 70 a tsakiyarsa, ba abin tsoro ba ne. Haɗarin yana wurin abin da ba a dafawa. Ga misali: an yanka kaza a bisa katako. An goge katakon da tsumma. Nan take aka ɗora salati, tumatir, kokumba da albasa aka yanka. Kazar ta shiga tukunya, ƙwayoyinta sun mutu. Salatin kuwa bai ga wuta ba. Ruwan kazar da ya rage a bisa katako ya shafe shi, aka kai wa yara suka ci. Bayan kwana ɗaya ko biyu, sai ciki ya ɓaci. Sai a ce ruwa ne, ko iska ce, ko haƙori ne. Ba wanda ya tuna da katako.

Zafin ƙasarmu yana taimakon waɗannan ƙwayoyi. Idan suka samu danshi da maiƙo da ɗumi, wasunsu sukan ninka yawansu cikin minti 20 kawai. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Daga hantsi zuwa la'asar sun wuce ƙirga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙididdiga a shekarar 2015. Ta ce kowace shekara mutane miliyan 600 ne suke kamuwa da ciwo saboda gurɓataccen abinci, kuma 420.000 daga cikinsu suke mutuwa. A cikin masu mutuwar, 125.000 yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. A Afirka, masu kamuwa sun haura miliyan 91, masu mutuwa kuma sun kai 137.000 a shekara. Ba duka ne suka fito daga wurin yanka ba, amma wurin yanka ɗaya ne daga cikin ƙofofin da muke iya rufewa da hannunmu.

Abin da masana suka gano

Shekaru da yawa an ɗauka cewa roba ta fi katako tsabta. Dalili shi ne roba ba ta shan ruwa, katako kuwa yana sha. A shekarun 1993 da 1994, wani malami mai suna Dean Cliver da abokan aikinsa, a jami'ar Wiskonsin ta ƙasar Amurka, suka gwada abin. Suka zuba ƙwayoyin cuta a bisa katako da bisa roba, suka jira.

Abin da suka gani ya ba mutane mamaki. A bisa busasshen katako mai tsabta, bayan minti 3, kusan 999 cikin 1000 na ƙwayoyin ba a same su a sama ba. Katakon ya tsotse su zuwa ciki tare da ruwan, inda yawancinsu suke mutuwa sannu a hankali yayin da yake bushewa. A bisa roba kuwa ƙwayoyin sun zauna da ransu. Wadda aka bari ta kwana da danshi ba a wanke ba, sai suka ƙaru.

Sun kuma gano cewa sabuwar roba mai santsi tana da sauƙin wankewa ƙwarai. Tsohuwa, wadda wuƙa ta tsattsaga, tana da wuyar wankewa da hannu. Maiƙo da ƙwayoyin cuta suna maƙalewa cikin tsagar, soso ba ya kai gare su. A ƙasashen Turai da Amurka akan saka irin wannan roba cikin injin wanke-wanke mai ruwa mai tsananin zafi. Mu a gidajenmu hannu da soso muke da su. Wannan bambanci ya kamata mu riƙe shi.

Kada mu ɗauka katako magani ne. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa wasu ƙwayoyin suna iya daɗewa da rai a cikin katako, musamman idan yana jiƙe, ko maiƙo ya rufe shi, ko ya tsage. Don haka hukumomin kula da abinci suka ce duka biyun suna da kyau, muddin ana wanke su, ana busar da su, ana kuma canja su idan sun tsufa.

Akwai wata magana sabuwa game da roba. Duk lokacin da wuƙa ta sauka a kanta, takan kankaro ɗan ɓurɓushi ƙanƙane wanda yake shiga abinci. A shekarar 2023, masu bincike a jami'ar jihar Dakota ta Arewa, a Amurka, suka auna wannan ɓurɓushi. Suka nuna cewa farantin roba da ake aiki da shi kullum yana iya zubar da giram da dama a shekara. Wanda ya duba tsohon faranti zai ga tsakiyarsa ya lotsa. Robar da ta ɓace daga nan, wani kashi nata cikin miya ya tafi.

Amfanin roba da aibinta

Roba ba ta da nauyi. Ba ta shan ruwa, ba ta riƙe warin kifi da tafarnuwa kamar katako. Gara ba ta cinta. Ana iya jiƙa ta cikin ruwan jabel ba ta lalace ba. Tana zuwa da launi iri-iri, wanda yake sauƙaƙa rarrabewa: ja don nama, kore don ganye. Ko yaron da bai shiga makaranta ba zai gane wannan.

Aibinta kuwa, wuƙa tana saurin tsaga ta. Ba ta jure sarar ƙashi da adda ko gatari. Idan aka ɗora tukunya mai zafi a kanta, ko aka bar ta kusa da murhu, sai ta narke ko ta lanƙwashe. Ranar bazara tana busar da ita har ta riƙa karyewa. Idan ta mutu ba ta ruɓewa, sai ta ƙara yawan sharar da ta riga ta dame mu. Ƙona ta kuma yana fitar da hayaƙi mai cutarwa.

Mai sayen roba ya nemi mai kauri, wadda ba ta lanƙwasa a hannu. Ya juya bayanta ya duba. Idan akwai hoton kofi da cokali mai yatsu, alama ce an yi ta don abinci. Idan akwai lamba 2 ko lamba 5 a cikin alama mai kusurwa uku, irin robar da aka saba yin kayan abinci da ita ce.

Muna jan kunnen manoma musamman. Kada a yanka bido ko jarkar da aka zuba maganin ƙwari, maganin ciyawa, fetur ko baƙin mai, a mai da ita wurin yanka. Roba tana shan guba. Ko an wanke ta sau goma, ba ta fita duka.

Amfanin katako da aibinsa

Katako namu ne. Masassaƙin gari zai yi shi daidai girman da ake so, kuɗin kuma ya zauna cikin gari. Yana da nauyi, ba ya zamewa. Ba ya saurin dakushe wuƙa. Idan samansa ya tsattsage, kafinta zai fere shi ko ya goge shi da takarda mai yashi, ya koma sabo. Katako mai kyau yana iya yin shekaru masu yawa. Idan ya gama aiki, ya zama makamashi.

Aibinsa shi ne yana son kula. In an bar shi cikin ruwa sai ya kumbura. In an bar shi a rana mai tsanani sai ya tsage. Da damina, in bai bushe ba, yakan yi fumfuna. Yana riƙe wari da launi.

Ba kowane itace ne ya dace ba. Ana son itace mai tauri, mai matsattsen jiki, wanda ya bushe sarai. Kakanninmu sun riga sun san su. Kirya, wadda ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita, tana da tauri ƙwarai. Aduwa, wadda ake yin allo da ƙota da ita, tana da santsi da ƙarfi. Kanya da marke su ma masu tauri ne. Itace mai taushi irin kuka bai dace ba, domin yana shan ruwa kamar soso. Maɗaci da bedi suna da ɗaci, suna iya ɓata ɗanɗanon abinci. Itacen da yake da farin ruwa mai guba, irin tumfafiya da aguwa, a nisance shi.

A guji katakon da aka shafa wa fenti ko man ƙyalli. A guji falankin da aka manna da gam, hawa-hawa, domin ruwa yana ɓamɓare shi. A guji wanda aka fesa wa maganin gara. Katakon da ake ɗora kayan kanti a kai, wanda manyan motoci suke kawowa, yakan zo da hatimi. Idan an rubuta MB, an turara shi da guba don kashe ƙwari, kada a yi kayan abinci da shi. Wanda ba a san abin da aka ɗora a kansa ba, shi ma a bar shi.

Kada mu manta da daji

Neman katako ba dalili ne na sare ɗanyen itace ba. Kirya ta yi ƙaranci a wurare da yawa saboda turmi da gawayi. Dokar gandun daji ta ƙasarmu, ta shekarar 2004, ta tsara yadda ake sarar itace, kuma akwai itatuwan da aka kare. Kafin a sara, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji.

Tun shekarun 1980 manoman jihar Maradi suka fara sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma cikin gona ana yi masa aski. Daga nan abin ya bazu zuwa Damagaram da Tawa. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya itatuwa kusan miliyan 200 a bisa hekta miliyan 5. Manomin da ya raya itace a gonarsa yana samun reshe mai kauri ba tare da ya kashe uwar ba. Katakon yanka ƙarami ne. Guntun da ya rage wa masassaƙi bayan ya gama turmi ya isa.

Shawararmu

Bayan mun auna duka, ga abin da muke gani. Gida yana bukatar wurin yanka guda biyu. Ɗaya na ɗanyen nama, kaza da kifi kaɗai. Ɗaya na abin da ake ci ba dahuwa: salati, tumatir, mangwaro, kankana, burodi da dafaffen nama. Wannan rabuwa ta fi zaɓen katako ko roba muhimmanci. Tana cikin ƙa'idoji biyar na tsabtar abinci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar tun shekarar 2001.

Don ganye da ƴaƴan itace, katako mai tauri ya fi. Don nama, wanda yake da ruwa isasshe da jabel, kuma zai iya canja faranti idan ya tsattsage, roba mai kauri za ta yi masa. Wanda yake ƙauye, inda ruwa yake da wuya kuma kanti yake da nisa, katako biyu sun fi masa. Ya huda na nama, ko ya ɗaura masa jan zare, don kada a rikita. Don sarar ƙashi kuwa, gungume ne kawai.

Wanda yake da guda ɗaya tak, ya fara da ganye, ya kwashe ya rufe, sannan ya yanka nama. Nama shi ne na ƙarshe kullum.

Yadda ake wankewa

1. Da an gama yanka, a kankare ragowar nama da maiƙo da bayan wuƙa.
2. A wanke da sabulu da ruwa mai zafi, a dirje da soso ko buroshi, gaba da baya da gefe. Inda babu sabulu, a dirje da toka mai tsabta.
3. A ɗauraye da ruwa mai tsabta.
4. Bayan nama, kaza ko kifi, a kwarara tafasasshen ruwa a kai. Ko kuma a haɗa ƙaramin cokali ɗaya na jabel da ruwa mililita 750, wato rabin gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi. A zuba, a jira ƴan mintoci, a ɗauraye. Kada a gauraya jabel da wani magani. A ajiye shi inda yara ba sa kai hannu.
5. A jingina shi a tsaye, ko a rataye shi, inda iska take ratsawa, nesa da ƙasa, kaji da ƙudaje. Kada a goge shi da tsumman da ake goge komi da shi.
6. A wanke wuƙa da hannuwa da sabulu. A zubar da ruwan wankin nama nesa da tulu da kayan miya.

Kada a jiƙa katako cikin ruwa ya kwana. Lokaci-lokaci, idan ya bushe, a shafa masa kakin zuma don kada ya tsage. Man gyaɗa yakan yi wari in ya daɗe a cikin itace. Gishiri da lemun tsami suna rage warin kifi da albasa, amma ba su maye gurbin sabulu.

Idan roba ta yi tsaga mai zurfi da baƙi-baƙin da ba ya fita, aikinta ya ƙare. Idan katako ya tsage har farce yana shiga, a fere shi ko a canja shi.

Ga mahauta da masu tsire

Gungumen mahauci yana ciyar da gari guda. Kowane maraice a kankare samansa har sabon itace ya fito, a wanke, a barbaɗa gishiri, a rufe. Mai tsire da mai balangu kada su yanka gasasshen nama a inda suka yanka ɗanye. Albasa da tumatir da ake haɗa wa mai saye su ma suna son nasu wurin da tasu wuƙar. Haka nan a gidajenmu ranar layya, lokacin da nama yake yawa, hannuwa suke yawa, ruwa kuma yake ƙaranci.

Wasu cututtukan dabbobi suna kama mutum ta wurin jini da ɗanyen nama. A shekarar 2016, zazzaɓin da ake kira na kwarin Rift ya ɓulla a jihar Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara, ya kashe mutane fiye da 30, yawancinsu makiyaya. A watan Fabrairu na 2006 an tabbatar da murar tsuntsaye a Magarya. Ciwon saifa ma makiyaya sun san shi. Dabbar da take ciwo, ko kazar da ake gani tana layi, kada a yi gaggawar yanka ta don a ci. A kira likitan dabbobi. Babu katako ko robar da za ta tsarkake irin wannan nama.

Idan ciki ya ɓaci

Idan yaro ya kamu da zawo, a jiƙa ƙunshi ɗaya na gishirin zawo cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. A ci gaba da ba shi nono da abinci. A kai shi gidan likita don a ba shi ƙwayar zinki, wadda ake sha kwana 10 zuwa 14. Idan akwai jini cikin kashi, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya kasa sha, ko idanunsa sun faɗa, a tafi da shi nan take, ko da dare ne.

Ƴan uwa, Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin katako biyu da sabulu bai kai kuɗin mota da magani na ciwo ɗaya ba. Muna roƙon wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai iya ba, a gida, a ƙungiyar mata, a rumfar mahauta da ajin yaƙi da jahilci. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.